Yadda nake haɗa wasa ƙwaƙwalwa a wasan labari ba tare da na ƙure 'yan wasa ba

Wata Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu can wajen Ƙofar Marusa a Katsina na tsayar da mutum biyar gaban wata ƙofar dutse da na ƙirƙira cikin labari, kwana biyu na yi ina tsara ta ina jin kaina wai na haɗa abin da za a daɗe ana zance. Minti arba'in suna zaune ba wanda ya gane inda aka dosa. Ɗaya ya zaro waya ya shiga Facebook, ɗaya ya ce bari ya je ya dawo kuma bai dawo ba, ƙanena kuwa ya dube ni ya ce "Yaya dan Allah ka faɗi amsar mu wuce, shayin ma ya huce." Aka kira magariba aka watse, ƙofa tana nan a rufe. Laifina ne ba nasu ba, kuma tun ranar na canza yadda nake tsara abin.

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice: wasan labari ne da ake yi a zaune, mutum ɗaya ke jan labarin, mu muna ce mashi mai jan wasa, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, wani mayaƙi wani maharbi wani ɓarawo mai wayo, su faɗi abin da jaruminsu zai yi, in abin na da wuya sai a jefa dayis a ga ko ya yiwu. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, bugu na biyar da ya fito a 2014 shi yawancin mutane suka sani yanzu. Dayis ɗin ba irin na ludo kaɗai ba ne, akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da kuma mai 20 wanda shi ne babba. Ba kuɗi a ciki ko sisi, sai da na zaunar da kawunmu ya kalli zama ɗaya kafin ya yarda ba caca muke ba. Su can tebur suke kewayewa, mu tabarma ce da faifai a tsakiya don kar dayis ya gangara.

Toh abin da ya gyara mani tunani ba daga waje na samo shi ba, a gida yake. Ka tuna kacici-kacici da dare, in an ƙure ka ba cewa ake shikenan wasa ya ƙare a tashi ba, ce maka ake ba ni gari, ka bada gari, wani lokacin ma a raina garin a ce ka ƙaro babba, sannan a faɗa maka amsa a ci gaba. Wato ka yi asara amma dare bai mutu ba. Ƙofata ta dutse ba ta da gari, ko ka sani ko ka kwana a nan. Duk abin da zan faɗa ƙasa kan wannan ya ginu.

Mataki na farko, kafin ka yi tunanin wasa ƙwaƙwalwar kanta, tambayi kanka wa ya gina wannan abu a cikin labarin kuma don mi. Mutane da yawa suna tsallake nan, su ɗauko wata tambayar lissafi a intanet su manna a jikin ƙofa, sai 'yan wasa su ji kamar an fito da su daga labari an kai su ajin jarabawa. Ba wanda zai kashe dukiya ya gina ƙofar da duk mai ɗan wayo zai buɗe, sai in akwai dalili. Bari in ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe. A labarinmu akwai wani tsohon madugu da ya yi fatauci da raƙuma, ya haƙa ma'ajiya ƙarƙashin gidanshi, ba ya son ya ba kowa makulli don makulli ana sacewa, amma yana son amintattun yaranshi masu awo su iya shiga ko ba ya gari. Sai ya sa aka yi ƙofar da nauyin ruwa ke buɗewa: akwai rijiya a ɗakin, akwai tulu biyu, akwai wani mazurari a bango da ke kai ruwa cikin wata ƙwarya da ba a gani, in ruwan ya kai mudu huɗu cif ƙofa ta buɗe, in ya wuce sai yashi ya fara zubowa daga rufi. Ka ga yanzu komai na da dalili, mai awo zai shiga, ɓarawo mai gaggawa zai tuttula ruwa yashi ya binne shi. Kuma in ɗan wasa ya jefo maka tambayar da ba ka shirya ba, ka san halin madugun, za ka iya ba shi amsa nan take.

Na biyu, rubuta amsar tukuna, a jimla ɗaya. "A zuba mudu huɗu na ruwa a mazurari." In amsarka ba ta shiga jimla ɗaya ba to ta yi yawa, rage ta. Wannan ne ciwon masu jan wasa, kai da ka san amsa komai sauƙi yake maka, sai ka yi ta ƙara hawa kan hawa kana tsoron kar su gane da wuri. Ka tuna su ba ganin ɗakin suke ba, da kunne suke gani, mutum biyar na magana lokaci ɗaya, wani na tauna gyaɗa, babur na wucewa a waje, rabin bayaninka ma bai shiga ba. Abin da ka ga kamar na 'yan firamare ne, a kan tabarma daidai yake. Tulun nan ɗaya na cin mudu biyar ɗaya na cin uku, hanyar da na sani ita ce ka cika na biyar, ka juye cikin na uku saura biyu, ka zubar da na ukun, ka juye biyun nan a ciki, ka sake cika na biyar, ka ƙarasa cika na ukun wanda mudu ɗaya kawai zai ci, abin da ya rage a babban tulu huɗu ne. Motsi shida. Ya isa haka, ban ƙara komai a kai ba.

Na uku shi ne inda na fi daɗewa in ina shiri, wato alamu. 'Yan wasa ba za su iya warware abin da ba su san mi ake nema ba, kuma yawanci ba lissafin ke ƙure su ba, rashin sanin cewa huɗu ake so ne. Akwai wani marubucin harkar wasannin nan, Justin Alexander, da ya shahara da ƙa'idar alamu uku: duk abin da kake son su gano, ka ajiye mashi alama aƙalla uku, don ta farko za su wuce ba su gani ba, ta biyu su yi mata wata fassara daban. Da na fara ji na ɗauka zuzutawa ce, sai na zauna na yi lissafi. A bugu na biyar, abu mai matsakaicin wuya 15 ake nema a dayis mai fuska 20. Ka ce jarumi na da ƙarin 3 da ake haɗawa da abin da dayis ya nuna, kenan sai ya jefa 12 zuwa sama, fuska 9 cikin 20, kashi 45 cikin ɗari. Wato in ka ɓoye alamarka guda ɗaya tal bayan jifa ɗaya, fiye da rabin lokaci ba za su same ta ba. In uku ne kowace da jifarta, yiwuwar a rasa duka ya sauko wajen kashi 17. Har yanzu da yawa a wajena, shi ya sa alama ɗaya aƙalla nake bayarwa kyauta ba jifa, da sun shiga ɗakin nake faɗi.

A ɗakin madugu ga yadda na raba su. Ta kyauta: a jikin babban tulu an tsaga layi biyar, a ƙaramin layi uku, saman mazurari kuma an zana raƙuma huɗu suna shan ruwa a komi ɗaya. Ta biyu sai wanda ya duba da kyau: a ƙasa akwai ƙasusuwan wani da yashi ya binne rabi, babban tulu irin wannan a fashe kusa da hannunshi, wato ya juye biyar gaba ɗaya ya ga abin da ya gani. Ta uku na dasa ta tun sati ɗaya kafin nan, a bakin wata tsohuwa mai fura a kasuwar labarin, suna sayen fura tana mita tana cewa madugu mutum ne mai wuyar sha'ani, uku ba ta ƙosar da shi biyar kuma ta shaƙe shi. A lokacin dariya suka yi suka wuce. Irin wannan alamar ta fi kowace daɗi, don ranar da ɗaya daga cikinsu ya buga cinya ya ce "kai, tsohuwar nan mai fura!" ji yake shi ya gano da kanshi. Amma kar ka dogara da ita ita kaɗai, sati guda na da tsawo, mutane na mantawa.

Abu ɗaya da nake hana kaina: alamar ƙarya. Ba sai ka sa ba, su da kansu za su ƙirƙiro. Na taɓa cewa akwai ƙadangare a bango don kawai in ƙawata ɗaki, suka yi minti goma suna bin ƙadangare. In za ka siffanta ɗakin wasa ƙwaƙwalwa, duk abin da ka ambata suna ɗauka da ma'ana, don haka rage ado.

Na huɗu, ka ba su abin taɓawa. Wannan ba ya cin kuɗi. Kofi biyu na ɗauko da ƙwayar wake, na ce wannan kofin wake biyar yake ci wancan uku, kowace ƙwaya mudu ɗaya, faifai kuma shi ne rijiya. Da hannu ya shiga ciki surutu ya koma kan aiki, har wanda ya saba yin shiru ya matso. In takarda ce za su tsinta, jiƙa ta da ruwan shayi ka shanya, ka ɗan ƙona gefen, ka miƙa masu a hannu maimakon ka karanta. Wajen ɓoye rubutu kuma akwai hanyar Kaisar ta Rumawa, kowane harafi a matsar da shi gaba da uku, tana aiki amma da Hausa sai ka yi hattara, ka fara yanke shawara ko ɓ da ɗ da ƙ haruffa ne masu zaman kansu a jerinka, sh da ts fa, ka rubuta jerin a kwali ka ajiye inda za su samu, in ba haka ba kai da su kowa da nashi ƙirgen. Ni na fi son zaurance ma, ka sa wani a labarin ya yi magana yana cusa gaɓa ɗaya bayan kowace gaɓa, kunne ke warware shi ba biro ba, kuma akwai dariya. Ajami kuwa ba ɓoyewa ba ne a garin nan, wanda ya yi makarantar allo zai karance maka shi kafin ka ajiye takardar, sai dai ka yi amfani da shi a matsayin kyauta ga ɗan wasan da ka san ya iya, ya samu ranarshi.

Wannan ya kawo ni na biyar, kowa ya samu abin yi. A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya mai son lissafi, in ba ka yi hankali ba shi kaɗai zai yi wasan sauran su zama 'yan kallo. A ɗakin madugu na sa gugar ta yi nauyi sai mai ƙarfi zai ja, mazurarin yana sama sai an ɗaga wani ko mai iya hawa ya hau, ga kuma kunamu da ke fitowa duk sanda aka motsa tulu dole wani ya tsare. Mai lissafi na faɗin abin da za a yi amma hannu huɗu ke yi. Sannan akwai rigimar da ba ta ƙarewa: ɗan wasa zai ce maka "Malam, jarumina fa masani ne, ni ban gane ba amma shi ai zai gane, bari in jefa dayis." Yana da gaskiya rabi. Abin da nake yi, ya jefa, in ya ci in ba shi alama mai ƙarfi, misali "ka lura in aka juye babba cikin ƙarami wani abu na raguwa a ƙasa", amma ba na ba shi amsa. In dayis ne zai warware komai to mi ya sa ka ɓata dare kana tsarawa.

Na shida shi ne garin. Kafin a zauna ka rubuta abubuwa biyu: mi zai faru in sun yi kuskure, kuma mi za su biya in sun gaji suna son wucewa. Kuskure dole ya canza wani abu a ɗakin, ba wai ka ce "ba abin da ya faru" ba, wannan kalmar ita ke kashe zama. A nan kuskuren farko yashi ya kai idon sawu, na biyu gwiwa kuma tafiya ta yi wuya, na uku ƙugu har rijiyar ta fara cikewa. Ban son sa agogon waya yana ƙirga masu, yana ruɗa mutane su daina tunani, gara a ƙirga da yawan kuskure. Ni dai a raina ina duba lokaci, in an yi kamar minti goma sha biyar ba ci gaba, ko na ga hannu ya fara tafiya aljihu wajen waya, sai in buɗe kasuwar gari. Farashin ya zama abin da zai yi masu zafi a labari amma bai tsayar da shi ba: su fasa ƙofar da ƙarfi amma ƙarar ta tada masu gadi kuma rabin kayan ciki ya lalace, ko su koma wajen tsohuwa mai fura ta faɗa masu amma sun yi asarar yini guda abokan gaba sun riga su, kuma yanzu tana bin su bashin alfarma da za ta zo karɓa ranar da ba su so. Wannan bashin ma ya fi mani amfani, labarin wata guda na samu a cikinshi. Ka faɗa masu farashin a fili su zaɓa da kansu, kamar dai yadda yaro ke zaɓar garin da zai bayar. Kuma in da hali kar ka sa wasa ƙwaƙwalwa mai wuya a kan hanyar da dole sai an bi ta, sa ta a ƙofar dukiya ko gajeriyar hanya, in sun kasa sun rasa riba ne kawai.

Na bakwai, gwada ta kan wani kafin ranar. Na kira ƙanwata da ba ta ma wasan, na ajiye mata kofuna da wake na yi mata bayani kamar yadda zan yi a zaure. Ko minti uku ba ta yi ba ta ce "Yaya ai ba sai an wahala ba", ta cika na biyar ta juye a na uku, biyun da suka rage ta zuba a mazurari, ta sake yin haka, biyu da biyu huɗu. Ni da na kwana kan motsi shida ban taɓa ganin wannan ba. Na so in toshe, in ce dole a zuba a tashi ɗaya, sai na fasa, don madugu nauyi ya dame shi ba yadda aka zuba ba. Haka za ka riƙa yi a wajen wasa ma, in suka kawo dabarar da ta dace da dokar ɗakin ka karɓa ko ba ita ka rubuta ba. Wajen gwajin ka duba kuma ko ana iya cin abin da cinta kawai: sanduna huɗu da za a ja bi da bi jeri 24 ne kacal, masu naci za su gwada duka in ba hukunci, bakwai kuwa 5040 ne ba mai gwadawa.

Kacici-kacicin gargajiya fa, ana iya sa su? Ana iyawa amma ba a yadda suke ba. In aljanin labarinka ya ce baba na ɗaka gemu na waje, kafin ya rufe baki an ce wuta da hayaƙi, ba wanda bai sani ba. Dabarar ita ce amsar ta zama aiki ba magana ba. Rubuta a bango "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", kowa zai ce tsintsiya yana dariya, ƙofa kuma shiru, sai can wani ya ce to ko shara ake nufi, su share ƙurar ƙasa su ga ƙofar rami. Haka tarihi, kar ka mai da wasa gasar tambayoyi, jero Hausa bakwai ko ƙofofin Katsina, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Ƙaura da sauransu, wannan hadda ce, wanda ya sani ya sani wanda bai sani ba tunani ba zai kai shi ba. Abin da ya fi kyau a ara shi ne siffar labarin. Dubi na rijiyar Kusugu a Daura, an wayi gari an kashe macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, masu cewa su suka kashe suka fito, amma kan macijin na hannun Bayajidda. Wannan kanshi wasa ƙwaƙwalwa ne na mutane: masu da'awa uku, shaida ɗaya, 'yan wasa su yi ta tambaya har su kama wanda maganarshi ta ci karo. Ba kofi ba wake, kuma masu son surutu sun fi jin daɗinshi.

Iyaka ɗaya da ban tsallakewa, kuma ina ba duk mai jan wasa a garin nan shawara: ban sa aya, ko allo, ko hatimi, ko sunan wani waliyyi cikin abin wasa, haka ban sa sarautar gaske ko gidan da ake da shi. Garuruwana da sarakunana duk ƙirƙira ne. Abin wasa ne ana dariya ana jifa da dayis, ba wurinsu ba ne, kuma magana ɗaya in ta fita zaure ba ka san yadda za ta isa kunnen manya ba.

Ranar da muka buga ɗakin madugu, kuskure ɗaya suka yi, mayaƙinmu bai jira kowa ba ya juye ƙaramin tulu sau biyu, shida kenan, yashi ya sauko har idon sawu kowa ya hau shi da faɗa. Na ce ƙwaryar ta kife ta zubar ta dawo daidai, a sake. Suka natsu, abokina mai ɗinki ya tuna tsohuwa mai fura, mai lissafinmu ya fara jera wake zai bi doguwar hanya, sai ƙanena ya tambaye ni ko mazurarin na da faɗin da hannu zai shiga. Na ce eh. Ya ce to a cika babban tulu a ɗaura a igiyar guga, a rage ruwa da ƙaramin har a san nauyin mudu ɗaya, sannan a auna yashin da ya zubo a zuba shi maimakon ruwa tunda ga shi nan banza. Hanya ce mai tsawo fiye da duka biyun da na sani kuma ba ta cikin takardata, na duba dokar madugu na ga nauyi ya ce, na sa shi ya jefa dayis don a ga ko hannunshi ya iya awo. 17 ta fito. Minti goma sha biyu duka duka, kuma da aka kira magariba suna cikin ma'ajiya suna rigima kan wa zai ɗauki sirdin azurfa.